Marar Lafiya Na da Ta Cewa a Jinyarsa: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda aka kwantar a asibiti yakan ga likitoci sun taru a ƙarshen gadonsa suna tattauna jikinsa, su yi rubutu a fayil, su wuce gado na gaba, shi kuwa bai san abin da aka yanke ba sai nas ta zo da allura. Ga tambayoyin da marasa lafiya, masu jinya da ma'aikatan lafiya suka fi yi game da yadda za a gyara wannan.

Me ake nufi da jinyar da ta sa mutum a gaba? Ai dama don mutum ake yin kowace jinya.

Don shi ake yi, amma ba kullum ake yi da shi ba. Abin da ake nufi shi ne a yi maganin cutar tare da la'akari da wanda take jikinsa: me yake tsoro, me yake so ya koma yana iya yi, wa zai kula da shi idan an sallame shi, wane irin wahalar magani zai iya jurewa. A ɗauki mutum biyu masu ciwon gwiwa iri ɗaya. Ɗaya na son tiyata da wuri don ya koma bakin aiki, ɗayan kuma shi ke kula da matarsa da ba ta iya tashi, kwanciyar makonni ba za ta yiwu masa yanzu ba. Hoton gwiwarsu ɗaya ne, amma shawarar da ta dace da su ta bambanta, kuma ba mai iya gano haka sai an tambaye su.

Tunanin ya daɗe. A shekarar 1986 Jean da Harvey Picker suka kafa cibiya a Amurka don a riƙa duba jinya ta idon marar lafiya, bayan abin da Jean ta gani a doguwar jinyarta. A 2001 cibiyar nazarin likitanci ta Amurka ta sanya wannan a cikin manufofi shida na ingantacciyar jinya, kafaɗa da kafaɗa da kare marar lafiya daga cutarwa da yin magani a kan lokaci. A 2016 kuma babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da tsarin da ke kira ga ƙasashe su gina harkar lafiyarsu a kan buƙatun mutane, ba a kan jerin cututtuka kaɗai ba.

Likita ne ya yi shekaru yana karatu. Me ni zan sani wanda bai sani ba?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likita ya san cutar, kai ka san jikin. Kai ka san ranar da ciwon ya fara da abin da ke tayar da shi, ka san wace ƙwaya ce ta taɓa fesa maka ƙuraje, ka san cewa maganin da aka rubuta maka bara ka daina sha bayan mako guda saboda jiri. Babu gwajin jini ko hoton da zai nuna waɗannan.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. Ma'aikata na canjin aiki sau biyu ko uku a yini, likitan safe ba lalle shi ne na dare ba, ana iya ɗauke ka daga wani sashe zuwa wani. Kai da mai jinyarka ne kaɗai kuke nan tun daga farko har ƙarshe. Idan bayani ya faɗi a tsakanin masu miƙa aiki, sau da yawa ku ne kawai za ku iya lura.

Wannan ba maganar fara'a da ladabi ba ce kawai? Yana hana mutum cutuwa da gaske?

Fara'a na da daɗi, amma maganar ta wuce nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan marar lafiya 1 cikin 10 na samun wata cutarwa a yayin jinya, kuma fiye da rabin wannan cutarwar abin da za a iya kaucewa ne. Shi ya sa a 2023 taken Ranar Kare Marasa Lafiya ta Duniya, wadda ake yi kowace 17 ga Satumba, ya kasance a kan shigar da marasa lafiya cikin kare kansu.

Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya nuna abin a aikace. A sassan yara na asibitoci bakwai a Amurka da Kanada, an sauya yadda likitoci ke zagayen safe: iyaye su fara magana, a bar manyan kalmomin likitanci, nas ta kasance a wurin, a bar wa iyali taƙaitaccen bayani a rubuce. Kurakuran da ke cutar da yara suka ragu da kusan kashi 38 cikin 100, kuma zagayen bai ƙara wani tsawo na a zo a gani ba. Ba sabon magani aka kawo ba, ba sabuwar na'ura ba. Tsarin magana kawai aka gyara.

Ko jerin abubuwan dubawa kafin tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, da marar lafiya ya fara: kafin a sa shi barci, ya tabbatar da sunansa da bakinsa, da aikin da za a yi masa, da gefen jikin da za a yi. Idan an tambaye ka sunanka karo na biyar, kada ranka ya ɓaci. Da gangan ne.

Likita na cikin sauri, ban gama bayani ba ya katse ni. Ya zan yi?

Ba kai kaɗai ba ne. Wani sanannen bincike na 1984 ya gano cewa likitoci kan katse marar lafiya bayan daƙiƙa 18 a matsakaici da fara bayaninsa. Fiye da shekara talatin bayan nan aka sake aunawa, aka samu daƙiƙa 11. Tsoron likitoci shi ne idan suka ƙyale mutum zai yi ta zuba har rana ta faɗi. Amma a birnin Basel na Siwizalan, a wani bincike na 2002, an umarci likitoci su yi shiru har sai marar lafiya ya gama, sai aka ga matsakaicin lokacin da mutane ke ɗauka daƙiƙa 92 ne, kuma kusan kashi 78 cikin 100 sun kammala kafin minti biyu.

Ta ɓangarenka, shirya kafin zagaye. Rubuta abu biyu ko uku da suka fi damunka, ko ka sa a rubuta maka, kuma ka fara da mafi girma. Mutane da yawa kan ajiye abin da ya fi tsorata su sai likita ya juya zai tafi, a lokacin kuwa hankalinsa ya riga ya koma gado na gaba. Idan an katse ka, ka ce, "Likita, da sauran abu ɗaya da nake so ka ji kafin ka rubuta." Idan lokaci ya ƙure da gaske, tambayi wa zai dawo ya yi maka bayani, kuma da ƙarfe nawa.

An yi mini bayani, na ce na gane, amma bayan sun tafi komai ya ɓace. Kaina ne da matsala?

A'a. Wani nazari na 2003 ya nuna cewa marasa lafiya kan manta tsakanin kashi 40 zuwa 80 cikin 100 na abin da aka gaya musu nan take, kuma kusan rabin abin da suka riƙe ba daidai suka riƙe shi ba. Ciwo, tsoro, rashin barci da maganin kashe zafi duk suna rage riƙon magana. Wanda aka gaya wa yana da ciwon daji, da wuya ya ji abin da ya biyo bayan kalmar.

Maganin wannan shi ne maimaitawa da bakinka. Tambayar "Ka gane?" ba ta da amfani sosai, domin kusan kowa "e" zai ce, ko don kunya ko don kada ya ɓata wa likita lokaci. Ma'aikacin da ya ƙware zai ce, "Ina so in tabbata na yi bayani da kyau. Idan ka koma gida, yaya za ka riƙa shan wannan maganin?" A lura, kansa yake jarrabawa, ba marar lafiya ba. Idan ba a nemi ka maimaita ba, kai ka nema: "Bari in faɗa yadda na fahimta, ki gyara mini."

Akwai tambayoyi uku da ake koya wa marasa lafiya a ƙasashe da dama. Mece ce babbar matsalata? Me ya kamata in yi? Me ya sa yin hakan ke da muhimmanci? Wanda ya samu amsar waɗannan uku da kalmomin da ya gane, ya samu ginshiƙin bayanin.

Ni ban yi karatu mai zurfi ba. Ba shi ya sa ba na fahimtar likitoci ba?

Masu digiri ma suna ruɗewa. A wani babban bincike na 2003 a Amurka, kashi 12 cikin 100 na manya ne kaɗai suka nuna cikakkiyar ƙwarewa wajen fahimtar bayanan lafiya da aiki da su. A ƙasashen Turai takwas da aka auna a 2011, kusan rabin mutane na da ƙarancin wannan ƙwarewar. Idan mafi yawan jama'a ba sa gane takardar da asibiti ya rubuta, to takardar ce ke buƙatar gyara. Nauyin a gane magana yana kan mai ilimin, domin shi ne zai iya sauƙaƙawa.

Lissafi ne ya fi wahala. "Wannan maganin na ninka haɗarin daskarewar jini" magana ce mai firgitarwa, amma ninkawa daga nawa? Daga mutum 1 cikin 1,000 zuwa 2 cikin 1,000 daban yake da daga 10 cikin 100 zuwa 20 cikin 100. Ka nemi a faɗa maka da adadin mutane: cikin mutum 100 irina, nawa abin ke samu idan sun sha, nawa idan ba su sha ba? Haka nan kalmomi irin "ba safai ba" ko "wani lokaci", kowa da yadda yake auna su.

An miƙo mini takarda in sa hannu kafin tiyata. Sa hannun shi ne amincewar?

Sa hannu shaida ce kawai. Amincewar ita ce tattaunawar da ya kamata ta gabace shi: me za a yi, me ake fatan samu, me zai iya lalacewa, waɗanne hanyoyi ne ban da wannan, kuma me zai faru idan ba a yi komai ba. Tambayar ƙarshen nan ita aka fi mantawa.

Wata shari'a ta sauya yadda ake kallon batun a Birtaniya. Nadine Montgomery mace ce mai ƙaramin jiki kuma mai ciwon suga, ɗan da ke cikinta babba ne. A irin yanayinta akwai haɗarin kashi 9 zuwa 10 cikin 100 na kafaɗar jariri ta maƙale a wajen haihuwa. Likitarta ba ta gaya mata ba, domin a ganinta idan an faɗa wa mata za su zaɓi a yi musu aiki a ciro. A 1999 kafaɗar ta maƙale, yaron ya samu lahanin ƙwaƙwalwa na dindindin. A 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa dole likita ya bayyana duk haɗarin da mai hankali a matsayin marar lafiyar zai ɗauka da muhimmanci, ko wanda likita ya san wannan marar lafiyar zai damu da shi. Ma'aunin ya tashi daga abin da likitoci suka saba faɗa ya koma abin da mai jikin ke buƙatar sani. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma hujjar tana da ƙarfi a ko'ina.

Idan ba gaggawa ba ce, kana iya neman lokaci ka yi tunani ko ka yi shawara da iyalinka kafin ka sa hannu.

Zan iya ƙin maganin da aka ba ni shawara?

Baligi mai cikakken hankali na da wannan ikon a mafi yawan ƙasashe, ko da likita na ganin kuskure yake yi. Amma ka faɗi dalilinka. Sau da yawa abin da ke hana mutum yarda yana da mafita: tsoron allurar barci, labarin wani da ya sha wuya, ko rashin wanda zai kula da yara.

Ni kuma na fi so likita ya yanke kawai. Dole sai na zaɓa?

Ba dole. Cewa "ka zaɓa mini, na yarda da kai" shi ma zaɓi ne, kuma a mutunta shi. Abin da ba daidai ba shi ne a ɗauka haka kake so ba tare da an tambaye ka ba. Akwai kuma kuskure ta ɗaya gefen, wanda nake ganin ba a cika magana a kai ba: likitan da zai jero hanyoyi huɗu ya naɗe hannu ya ce "ya rage naka", wannan bai shigar da kai ba, sauke nauyi ya yi. Ka tambaye shi wacce zai ba da shawara a yanayinka, da dalilinsa.

Ba ma jin yaren juna da likita. Ɗana zai iya fassara mana?

Idan akwai ƙwararren tafinta, ko ta waya ce, shi ya fi. Wani bincike na 2012 a sassan gaggawa na yara a Amurka ya gano cewa daga cikin kurakuran fassara da aka yi, masu iya cutarwa sun kai kashi 22 cikin 100 idan ɗan'uwa ko wani na kusa ne ya fassara, amma kashi 12 idan ƙwararre ne. Ɗan'uwa kan rage magana don tausayi, ko ya tsallake abin da yake jin nauyin faɗa. Yaro ƙarami kuwa bai kamata a ɗora masa faɗa wa uwarsa sakamakon gwajinta ba. Haka kurma na da haƙƙin mai fassara da hannu, mai raunin gani kuma a karanta masa ko a ba shi rubutu mai manyan haruffa.

Ina jinyar mahaifiyata. Na ga jikinta na ƙara tsanani, na faɗa, an ce ba komai. Me ya rage mini?

Kada ka yi shiru. Wanda ya san mutum shekara da shekaru kan lura da sauyi kafin na'ura ta nuna. Faɗi abin da ka gani dalla-dalla maimakon "jikinta ba daɗi": jiya tana gane mu, yau ba ta gane ni, tun safe ba ta yi fitsari ba, numfashinta ya ƙara sauri, hannuwanta sun yi sanyi. Nemi a sake auna ta yanzu. Idan ba ka gamsu ba, nemi shugabar nas-nas ta sashen ko babban likitan da ke kula da ita, kuma ka roƙi a rubuta damuwarka a fayil.

Wasu ƙasashe sun mayar da wannan tsari. Martha Mills yarinya ce 'yar shekara 13 da ta rasu a Landan a 2021, bayan ƙwayoyin cuta sun shiga jininta tana jinyar raunin faɗuwa daga keke. Iyayenta sun yi ta nuna damuwa ba a ɗauki mataki ba, kuma mai binciken musabbabin mutuwa ya ce da an kai ta sashen kulawa ta musamman da wuri, mai yiwuwa da ta rayu. Daga 2024 asibitocin gwamnati a Ingila suka fara aiki da ƙa'ida mai sunanta, wadda ke ba marar lafiya ko iyalinsa damar kiran wata tawaga daban, dare ko rana, ta zo ta sake dubawa. Jihar Kuyinslan ta Ostareliya na da irin wannan tun kafin nan. Tun ranar kwanciya, tambayi ko asibitin na da makamanciyar hanya.

Sakamakon gwaji bai yi kyau ba. Muna so a ɓoye masa don kada hankalinsa ya tashi. Laifi ne?

Niyyar ta ƙauna ce, amma labarin nasa ne. Yawanci ma marar lafiya ya riga ya zarga, sai ya zama kowa na ɓoye wa kowa, shi kuma ya rasa wanda zai faɗa wa tsoronsa, ya rasa damar kintsa al'amuransa. Hanya mafi adalci ita ce a tambaye shi tun kafin sakamako ya fito: kana so a faɗa maka komai, ko kaɗan-kaɗan, ko a yi magana da wani naka? Idan ya ce a faɗa wa babban ɗansa, shi ke nan, an bi ra'ayinsa.

Za a sallame ni gobe. Me zan tabbatar na sani?

Sallama na daga cikin wurare mafi haɗari, domin mutum na murnar tafiya, ma'aikata na buƙatar gadon. Wani bincike na 2003 ya gano kusan mutum 1 cikin 5 ya samu matsala cikin makonni uku da barin asibiti, kuma kusan kashi biyu cikin uku na matsalolin daga magani ne. Saboda haka a zauna da kai a bi magungunan ɗaya bayan ɗaya: wanne ne sabo, wanne aka sauya yawansa, wanne daga cikin na gida za ka daina. Mutane kan koma gida su haɗa tsohon maganin hawan jini da sabo, alhali sabon ya zo ne ya maye gurbin tsohon. Ka ambaci duk abin da kake sha, har da wanda ka saya da kanka da na gargajiya, domin wasu na karo da juna.

Ka san alamomin da za su sa ka dawo ba tare da jiran ranar ganin likita ba, da inda za ka kira. Ka tambayi ko akwai gwajin da sakamakonsa bai fito ba tukuna, da wanda zai sanar da kai. A ba ka duk wannan a rubuce, kuma wanda zai kula da kai a gida ya kasance a wurin.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, marasa lafiya sun yi mana yawa. Ina lokacin duk wannan?

Ƙorafin gaskiya ne, kuma ba adalci ba ne asibiti ya rataya allon "haƙƙin marar lafiya" a bango ya bar nas ɗaya da gadaje masu yawa. Tafinta, takardu masu sauƙin karantawa, lokacin da iyali za su halarci zagaye, kujerar marasa lafiya a kwamitin inganta aiki, duk aikin shugabanni ne. Tsarin da ya dogara ga marar lafiya ya yi ƙarfin halin tambaya zai amfani masu baki ne kawai, ya bar tsofaffi da masu jin nauyi da waɗanda ciwo ya kayar.

Duk da haka wasu abubuwan daƙiƙoƙi suke ci. Dakta Kate Granger, likita a Ingila da ta yi jinyar ciwon daji, ta lura ma'aikata da yawa na taɓa jikinta ba tare da sun faɗi sunansu ba. A 2013 ta fara gangamin a riƙa gabatar da kai ga marar lafiya, ya bazu ƙasashe da dama kafin rasuwarta a 2016. Sai kuma tambayar da Norwe ta ware wa rana tun 2014: "Me ya fi muhimmanci a gare ka?" Amsar kan zama ƙarama, kamar a bar marar lafiyar ya yi barci, ko a dawo masa da tabaransa, wani lokacin kuma ta sauya tsarin jinyar gaba ɗaya. Miƙa aiki a gefen gado, marar lafiya na ji, ba ya ƙara lokaci sosai, kuma yakan gyara abin da aka faɗa ba daidai ba.

Idan an yi mini kuskure, za a gaya mini?

Ya kamata. A Ingila tun 2014 doka ta wajabta wa asibitocin gwamnati su sanar da marar lafiya idan an cutar da shi a jinya, su yi bayani, su ba da haƙuri. Inda babu irin wannan dokar, ƙa'idojin aikin likita na buƙatar gaskiya. Kana iya neman a zauna da kai a faɗa maka abin da ya faru, abin da zai haifar wa lafiyarka, da matakin da aka ɗauka don kada ya sake faruwa. Je da wani ya tsaya maka, rubuta ranaku da sunayen waɗanda kuka yi magana da su, kuma nemi kwafin bayanan jinyarka. Idan amsar ba ta gamsar da kai ba, yawancin asibitoci na da ofishin karɓar ƙorafi, bayansa kuma akwai hukumar da ke ba likitoci da nas-nas lasisin aiki.